Baƙuwar da Inna Ba Ta Kama Sunanta

Abu biyu ne Inna ba ta kama sunansu tun da na buɗe ido na gan ta. Na farko Yayanmu. Shi ne ɗan fari, kunyarsa take ji har ya yi furfura. Ko yana zaune gabanta, ni za ta kalla ta ce, "Ce ma wancan ya gyara zama." Na biyu kuwa gobara. A gidanta na Tibiri ba a faɗin wannan kalma, kamar yadda wasu ba sa cewa maciji sai igiyar ƙasa. Ita "baƙuwa" take ce mata. In bakinka ya suɓuce ka faɗi ainihin sunan, sai ta sa ka tofar da yawu gefe ka yi a'uziyya, wai kira ne ka yi, kuma wadda aka kira tana amsawa.

To, Allah da ikonsa, sai ya ba ta ɗan farin da bakinsa ba ya rabo da gobara.

Yaya aikin gandun daji ya yi. Ƙarfinsa duk a arewa ya ƙare, can inda ciyawa ke bushewa bayan damina, suna share dogayen hanyoyi cikin daji don in wuta ta taso ta iske fili ta tsaya. Da ya aje aiki ya dawo Maradi ya zauna gidansa na unguwar Zariya, muka ce alhamdu lillahi, bawan Allah zai huta. Ina! Ya baro dajin, amma idon aikin ya biyo shi har gari. In ka gayyace shi suna, kafin ya ce barka ya riga ya ɗaga kai yana duban rufi. "Wa ya ɗora harawar nan kusa da wayar lantarki?" Mai jego na jiran addu'a, shi yana neman inda iska ke shigowa.

Ni ma bai bar ni ba. Ƙofar gidana a Sabon Gari akwai mai sayar da ruwa-ruwa, man nan na babura da ake jerawa cikin kwalabe a kan tebur. Yaya ya zo gaishe ni, ya tsaya tsakar gida ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce, "Daga teburin can za ta tashi, ta bi rumfar tela, ta tsallako katanga ta sauka kan ɗakinki." Na ce, "Yaya, don Allah ka zauna ka sha ruwa tukun, sannan ka ƙone ni." Ko murmushi bai yi ba, sai cewa ya yi ai ba yanzu ba, sai iska ta juyo daga yamma.

Abin da ya ɓata masa suna a dangi kuwa a Jiratawa ya faru. Ya je wajen kawunmu, ya ga an jingine dammunan kara jikin rumbu, ga ƴan aikin lambu suna dafa shayi a gindin wurin. Ya ce wa Kawu rumbun nan ba zai ga bazara ba. Bai ma ga ƙarshen makon ba. Babu wanda ya ji ciwo, amma hatsi ya tafi. Kuna tsammani an ce Yaya ya yi gaskiya? Wa ya gaya muku! Cewa aka yi bakinsa ne. Tun daga ranar, in matar Kawu ta jiyo ƙarar babur ɗinsa, sai ta yi maza ta fito da tabarma ƙofar gida, a yi gaisuwar a waje, kada idonsa ya sauka kan wani abu nata.

Duk wannan dariya muke yi, har kakar da muka je Tibiri muka ga abin da Inna ta yi wa gidanta.

Tun rasuwar Baba ita kaɗai take zaune, sai jar akuyarta. Gidan a bakin gari yake, darnin kara ya zagaye shi, daga gabas kuma gonaki ne da busasshiyar ciyawa har inda ido ya ƙare. Da can murhu yana can ƙuryar gida, kara yana bayan rumbu, akuya tana gindin dogon yaro. Wannan zuwan sai muka iske komai ya taso ya taru a bakin ɗakinta mai jinka. Karan girki jingine jikin bango. Harawa a kan rumfar ƙofa, tana leƙowa. Murhu a ƙarƙashin rumfar. Akuya ɗaure a turken rumfar. Inna kuma tana zaune a tsakiyarsu kan tabarma da carbinta, tana ta yi mana sannu da zuwa.

Ranar ce na fara ganin Yaya ya shiga gida ya kasa magana. A hanyar komawa ya tsayar da babur ya ce mini, "In iskar gabas ta fara, Inna cikin murhu take kwana." Ni dai ban taɓa yarda bakinsa ne ba. Na san idonsa ne, kuma idon nan bai cika kuskure ba.

Muka koma da roƙo. Na ce a bari mu mayar da kara bayan rumbu. Ta ce, "Gidana ne ko naku?" Na ce to ta dawo Maradi wajenmu. Ta ce, "In tahi garin da ake gaisuwa ana gudu? Ku dai da kunka saba." Yaya ya yi ta haƙuri yana cije baki, har abin ya fi ƙarfinsa, ya ce, "Inna, gobara fa..." Subhanallahi! Ta sa shi ya tofa yawu, dattijo da gemunsa, ta sa ya yi a'uziyya, sannan ta dube ni ta ce, "Hwaɗa ma wancan, in da wanga baki zai zo, ya yi zamanshi Zariya."

Sai aka yi sulhu: zai riƙa zuwa, amma baƙuwa zai riƙa ce mata, sunan da gidan ya sani. Haka Yaya ya zauna wata ranar yana yi mata bayani da babbar muryarsa ta daji. "Inna, baƙuwar nan ta gabas za ta shigo. Ba ta sallama. Darni za ta fara tsallakewa, ta ci kara, ta hau rumfa ta cinye harawa, daga nan sai ɗakinki." Inna tana jan carbi tana kallon akuya. Ashe maƙwabciyarta, wata tsohuwa mai nauyin kunne da saurin baki, tana bayan darni tana tsintar rabi tana zubar da rabi.

Da bayani ya ƙi ci, Yaya ya ce Inna ba za ta yarda ba sai ta gani da idonta. Ya samo wani tsohon faranti babba, irin wanda ake tallar goro, ya kwaɓa laka ya gina gidan Inna a kai. Wallahi gidan ne sak. Ga ɗaki da ɗan jinkansa, ga rumbu, ga zaure, ga darni da ya yi da tsinken tsintsiya, ga rumfa da ƴar harawa ta gaske a kanta. Sai ya ƙyasta ashana daga gabas, ya sa mafici yana fifitawa, yana kallon inda wuta ke bi. In ta cinye, ya sake ginawa, ya matsar da kara nan, ya matsar da murhu can, ya sake cinnawa. Tsintsiyar gidan duk ta ƙare a darni. Matarsa ta kira ni a waya tana cewa, "Ki zo ki ga yayanki. Mutumin da ke hana kowa wasa da wuta, yau sau nawa yana ƙone gidan uwarsa a tsakar gidana." Da na je na iske gefen gemunsa ya babbake, yana ta murna wai ya gano hanyar.

Ranar da za mu kai wa Inna, ni aka ɗora wa farantin. Ya lulluɓe shi da sabon zane don kada iska ta kwashe jinkan, na hau bayan babur na rungume shi a cinya. Tun daga Zariya har muka fita gari, duk wanda ya san mu sai ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sa alheri. Wani ma ya biyo mu da babur yana tambaya ɗiyar wa za a kai wa gara. Ni kuwa hannuna ya sage, ina ta zagin laka a zuci.

Muna shiga lungun Inna na ga abin mamaki. An share ƙofar gida fes, an yayyafa ruwa. Cikin gida mata ne zaune sun sha lalle da turare, ga kwanonin fura, ga dambu, har da wadda ta yanka zabo. Maƙwabciyar nan ta tare mu da guɗa, tana leƙen bayanmu.

"Ina baƙuwar?"

Na ce, "Wace baƙuwa, Iya?"

"Wadda anka ce za ta zo daga gabas mana! Mun ji an ce babbar mace ce, ba ta ko sallama. Amma ɗiyata, gaya mini gaskiya," ta rage murya, ko da yake ragewarta ana ji har bakin hanya, "da gaske harawa take ci?"

Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi, kafaɗunta na rawa. Ashe ta san komai, ta bar su suka yi ta girki, don in ta gyara musu zancen sai ta kama sunan da ba ta kamawa.

Yaya bai ga abin dariya ba. Shi jama'a ya gani, kuma rabonsa da samun masu saurare tun kafin rumbun Kawu. Ya karɓi farantin ya aje gaban Inna, mata suka matso suna jiran ganin kayan baƙuwa, ya yaye zane. Can wata ta ce, "La ilaha illallahu, gidan ga ne!" Wata ta ja ɗankwalinta ta rufe baki. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mini, "Tambayi wancan, bokanci ya koma bayan ya aje aiki?"

Ya ce ba bokanci ba ne, gwaji ne. Ya tsuguna ya fara nuna musu gabas da yamma da tsinke, ya juya yana laluben ashana cikin aljihu. Kafin ya juyo, jar akuya ta miƙo wuya ta kan kafaɗarsa ta lashe harawar da ke kan ƴar rumfar, ta haɗa da rabin jinkan. Mata suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa kan juna. Maƙwabciya ta tafa hannu ta ce, "To ga mai cin harawar nan, ashe tana gida!" Ni dai na yi dariya har hawaye, ban ɓoye ba. Yaya ya kori akuya, ya miƙa hannu ya yago harawa daga rumfar gaske ya gyara ta wasa, fuskarsa a murtuke.

Sai ya zaro wani abu daga aljihun gaba, naɗe cikin ƙyalle. Ƴar tsana ce ta laka, ya ɗaura mata ɗan farin mayafi. Ya sa ta cikin ɗakin ya ce, "Wannan ke ce, Inna." Ya ƙyasta ashana a gabas, ya ɗauki mafici. Wuta ta kama darnin tsintsiya, ta ruga ta kama kara, ta haye rumfa, duk kafin mata su gama salati. Abin wasa ne a kan faranti, amma na ji tsigar jikina ta tashi, don ga rumfar gaske a kan kawunanmu. Da wuta ta taɓa jinka, Yaya ya sa yatsu biyu ya ɗauko ƴar tsanar, ya yi tsalle da ita ta tsakar gida, ta zaure, ya dire ta a bakin faranti.

"Kin gani? Ko kin farka da wuri, da ƙyar za ki kai zaure. Amma in aka mayar da kara bayan rumbu, aka sauke harawa, aka share ciyawar bayan darni, baƙuwa za ta iske fili ta tsaya."

Ya watsa ruwan buta ya kashe. Mata suka yi ta jinjina kai, wasu na satar kallon gidajensu ta kan darni. Inna ta yi wa matan godiya, ta ce su ɗauki zabon su kai wa yara tun da baƙuwa ta fasa zuwa. Suka watse suna dariya. Maƙwabciya ce ta fita ƙarshe, kuma na lura ita ta daina dariyar, ta tsaya a zaure tana waiwayen Inna.

Da gida ya rage mu uku, Inna ta miƙo hannu na ba ta ƴar tsanar. Ta juya ta, ta gyara mata mayafi. Ta ce mini, "Ce mishi ginin ya yi kyau. Amma tambaye shi, wa zai sa yatsu biyu ya ɗauke ni?"

Yaya ya ce, "Ai da ƙafarki za ki fita, Inna."

Ta aje carbi. Ta kama turken rumfa da hannu biyu, ta ja jikinta sama. Na yunƙura zan taimaka, ta harare ni na koma. Ta miƙe tana rawar jiki, ta saki turke ta kama bango, ta ja ƙafar dama, ta jawo ta hagu a ƙasa kamar ba tata ba. Ta yi haka har ƙarshen bangon ɗaki. Daga nan babu abin kamawa, sai filin tsakar gida, zaure yana can. Ta tsaya tana haki tana kallonsa.

Wayyo Inna. Ashe shi ya sa kullum a zaune muke iske ta, a zaune muke barin ta, in za mu tafi ta ce tana cikin lazimi, mu gaida gida. Ashe shi ya sa murhu da kara da harawa da akuya suka taso suka zo inda hannunta ke kaiwa. Maƙwabciya ce ke ɗebo mata ruwa, ita ta jawo mata kayan, kuma duk saurin bakin nan nata, wannan ɗaya ta riƙe shi gam. Inna ta shirya mana wasa, mu da idanunmu, har da mai idon da ake tsoro a Jiratawa.

Na ce, "Inna, don me ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In na hwaɗa ku ɗauke ni. Nan ubanku ya bar ni."

Muka zaunar da ita. Ta ɗan huta, sannan ta ɗaga kai, kuma wannan karon ba ni ta kalla ba. Shi ta kalla, ido cikin ido.

"Kana tsammani ban san hanyarta ba sai ka gina mini da laka? Duk ranar da iska ta taso ina jin darnin ga yana motsi, ina lissahin inda za ta biyo. Ba baƙuwa ba ce. Gobara ce. Gobara nake tsoro."

Yaya ya zabura kamar an ɗana masa garwashi. Mutumin da ya faɗi kalmar nan a gidan suna da gidan biki da ƙofar masallaci, ya ce, "Subhanallahi, Inna, bar kama sunanta! Tofa yawu!" Ni ban san lokacin da dariya da kuka suka haɗe mini ba.

Ba ta tofa ba. Ta ce in dai za a matsar da kara inda ba ta kaiwa, to sai a matsar da ita inda ba ta bukatar kara. Na yi wuf na ce gidana. Yaya ya share ido ya ce, "Gidanki? Da mai ruwa-ruwa a ƙofa?" Ko a wannan hali bai fasa ba. Muka yi ta ja, har Inna ta raba mu ta ce Zariya za ta, amma da akuyarta, kuma ba za a sayar da gidan ba, ba za a ba kowa aro ba, in ƙafa ta warke za ta dawo. Muka ce to. Duk mun san yadda ƙafar take.

Na fita na samo adaidaita, amma lungun ya yi mata ƙunci, sai a bakin hanya ta tsaya. Maƙwabciya ta zo ta taya ni ɗaure kaya, tana kuka tana faɗa wai wa zai riƙa yi mata gardama yanzu. Akuya aka fara kaiwa, ta hau ta kame wuri kamar ita ta kira motar.

Saura Inna. Yaya ya tsaya gabanta yana juya hannu, ya rasa ta inda zai fara, don tun da aka yaye shi jikinsa bai taɓa nata ba. Sai ya tuɓe hularsa ya miƙo mini, ya juya mata baya ya durƙusa. Ta daɗe tana kallon bayan nan da furfurar ƙeyarsa. Sannan ta soke ƴar tsanar a bakin zaninta, ta sa hannu ta kama wuyansa.

Ya miƙe da ita. Suka ratsa tsakar gidan a hankali, ina biye da buta da carbi. Daidai bakin zaure ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya yi taga-taga. Sai na ji Inna ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Yi a hankali, ɗana."

Ya tsaya cak cikin zaure, ita a bayansa. Ba na ganin fuskarsa. Can ya ce, "Na'am, Inna," ya gyara mata zama, ya sunkuya don kada kanta ya bugi ƙofa, suka fita.